Kafin Gayauna Ta Bushe

Ni ban taɓa sha'awar noma ba. A gidan manoma aka haife ni, na ga abin da fartanya take yi wa bayan mutum, shi ya sa da aka kawo ni Dutsin-Ma aka ajiye mini keken ɗinki a rumfa, na ce ni da ƙasa mun rabu ke nan sai ranar da za a kai ni makwanci. Wadda ta mayar da ni kan ƙasar yarinya ce 'yar shekara biyar da ba ta san yadda ake zama wuri ɗaya ba.

'Yata ce ta fari. Ba zan faɗi sunanta a nan ba, don ko a gida ban taɓa faɗa ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Ni kuma kunyar ta ninku a kaina, domin sunan surukata aka sa wa yarinyar, wato mahaifiyar maigidana, wadda kowa yake kira Inna. Saboda haka "ke" nake ce mata. In raina ya ɓaci in ce "ke yarinyar nan", kuma gaskiya wannan na biyun ya fi fitowa daga bakina.

A farkon daminar da nake magana, ta sako ni a gaba. Ga ƙaninta a bayana, ga ɗinkin mutane a gabana, ita kuma tana ƙarƙashin keke tana juya mini ƙafa. Ranar da ta ɗauki almakashi ta yanki gefen atamfar wata amarya don ta yi wa 'yartsanarta zane, na ajiye ɗinkin na ɗauki fartanya. A bayan madafa akwai wani ɗan fili inda muke zubar da toka, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Na kafce shi ina tsaki, na ba ta irin kuɓewa da alayyahu da yakuwa, na nuna mata yadda ake tona rami da ɗan yatsa a rufe da diddige. Ba wani buri gare ni ba. So nake ta samu abin da zai ɗauke mata hankali in samu in kai ƙarshen riga ɗaya.

Hankalin kuwa ya ɗauku, har ya wuce inda nake so. Kullum da safe sai ta je ta tone irin ta duba ko ya farka, ta hura masa iska, ta mayar. Na yi faɗa, na yi lallashi, na sake shuka. Da ta gane cewa abin da aka binne yana fitowa da yawa, sai maɓallaina suka fara ɓacewa daga gwangwani. Na tono maɓalli, na tono kan kifi, na tono rabin alewa da tururuwa suka yi wa taro. Wata rana na nemi cokalin shayi na rasa, na tambaye ta, ta ce in yi haƙuri ya kusa fitowa.

Duk da wannan azaba, kuɓewar ta fito. Tana da ganye huɗu-huɗu Inna ta zo.

Inna tana zaune ne a wani ƙauye kusa da Birchi, ta wajen Kurfi. Tun da mijinta ya rasu kuma autarta ta yi aure, ita kaɗai ce a sashenta. 'Yar ƙaramar mace ce, maganarta kaɗan, ba ta maimaitawa kuma ba ta janyewa. 'Ya'yanta maza masu gemu in ta ce a zauna, zama suke yi ko da mota tana jiransu. Ban taɓa jin tsoron mutum kamar yadda nake jin nata ba, alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

Ko ruwa ba ta gama sha ba yarinyar ta ja ta zuwa bayan madafa. Inna ta tsaya ta dubi ɗan filin, ta yi murmushi.

"A'a, takwara, ashe gayamna gare ki."

"Mi ne ne gayamna?"

"Gonar mutum ta kanshi. Gandu na gida ne, kowa shi yi aiki kowa shi ci. Gayamna kuwa ta mai ita ce. Abin da ya fito ciki, ko ubanki ba ya taɓawa sai kin ce."

Gayauna muke cewa, su Inna su ce gayamna, amma ko ta yaya aka faɗe ta, da na san abin da kalmar nan za ta jawo mini da na toshe wa yarinyar kunne.

Da yamma, bayan maigidana ya dawo daga kasuwar hatsi ya zauna a gefen tabarma, Inna ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce tun da aka yaye takwararta take jira, an ce ta yi ƙanƙanta, ta haƙura. Yanzu ga shi an yi mata ƙane, ta yi wayo, ta isa aike. Za ta tafi da ita ta riƙe.

Ba baƙon abu ba ne. Ɗan fari na kakanni ne, kowa ya sani, ni ma yayata a ɗakin kakarmu ta girma. Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." Ni kuwa ina durƙushe ina zuba mata miya, na ce, "Allah shi sa albarka." Abin da ake so uwa ta ce ke nan. A cikina kuwa ji na yi kamar an zare mini wani abu da ƙarfi. Yarinyar nan da ta hana ni sakat, wadda nake cewa kullum Allah ya kawo mai ɗauke mini ita in huta, ashe ƙarya nake yi. Ba na son ta tafi ko nan da ƙofar gida, kuma babu bakin da zan faɗi haka da shi.

Yarinyar ce ta yi magana, bakinta cike da tuwo.

"To kuɓewata fa?"

Inna ta yi dariya har da tafa hannu. "Kin yi gaskiya. Ba a raba mutum da gayamnarshi da amfani bisa. Ki zamna ki gama cire abinki. Ranar da gayamna ta ƙare, in zo in ɗauke ki."

Ita wasa take yi da jikarta, tana lissafin nan da kaka an gama. Ni kuwa na kama maganar nan na ƙulle a bakin zane. A gaban ɗanta ta faɗa, kuma Inna ba ta janye magana. Muddin akwai ɗanyen ganye a bayan madafata, yarinyar tana gidana.

Daga ranar na zama manomiya ta ƙarfi da yaji. Na kewaye wurin da tsohuwar zana saboda kaji. Na roƙi takin awaki a maƙwabta. Kafin kuɓewa ta tsufa na yafa wani alayyahun a tsakaninta, kafin shi ya yi kai na zuba irin tumatir a tsohuwar roba. Matan da suke kawo ɗinki suka fara tsokanata, wai telar unguwa ta koma 'yar lambu. Na bar su da bakinsu.

Da a ce kaji da fara ne kaɗai abokan gabata, da da sauƙi. Babbar abokiyar gabar gayaunar nan mai ita ce. Da kuɓewa ta yi fure, ta tsinke furannin tas ta jera wa 'yartsana a ka, wai ana kai ta biki. Da na dasa tumatir, ta ga ƙasa ta ɓata musu ganye, ta kawo ruwan wanki mai kumfa ta yi musu wanka ɗaya bayan ɗaya har da cuɗawa. Ranar akuyar maƙwabta kuwa, ina cikin ɗinki na ji shiru ya yi yawa, na leƙa, sai ga akuya a tsakiyar yakuwa tana ci hankali kwance, yarinyar tana riƙe mata zana.

"Ke yarinyar nan! Wa ya buɗe mata?"

"Ni. Ai ta yi sallama."

"Akuyar ce ta yi sallama?"

"Ta tsaya bakin ƙofa ta yi magana. Ke kinka ce in baƙo ya zo a ba shi wuri."

Na kori akuyar da muciya, na dawo na tsaya ina huci. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ni da damar in gaya mata dalilin haukata. Ba zan iya cewa, ke, kowane ganye da kike ɓarnatarwa kwananki ne a gidan nan kike ragewa ba. Yarinya ce, duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fita ta bakinta, kuma bakin nan har Birchi yake kaiwa, don duk Juma'a ubanta yakan kira Inna a waya ya miƙa mata su gaisa.

Ga kuma dokar da Inna ta kafa. Kuɓewar da ta tsira daga bikin 'yartsana ta yi 'ya'ya gwanin sha'awa, na kai hannu zan tsinka in kaɗa miya, sai na ji an riƙe mini zane.

"Ba ki tambaye ni ba."

"To, ina tambaya."

"A'a. Sai sun yi girma kamar hannuna."

Haka muka zuba ido kuɓewa ta yi girma kamar hannunta, ta ƙeƙashe ta zama itace, ni kuma ina aikawa a sayo mini kuɓewar miya a bakin titi. Ni na kafce, ni na yi taki, ni nake tsugunno da goyo ina cire ciyawa, amma ko ganyen yakuwa ɗaya sai na nemi izini wajen mutumiyar da ba ta iya ɗaura zane ba.

Damina ta wuce, aka yi girbi, mutane suka kai amfaninsu gida. Wata Juma'a na ji muryar Inna ta waya tana tambaya, "Takwara, an gama?"

"Da saura. Yanzu albasa muka sa."

"Albasa kuma?" in ji Inna. "To, Allah shi ba da sa'a."

Da rani ya shiga, sai maganar ta koma ta ruwa. Gidanmu ba rijiya, famfon unguwa kuma sai ya ga dama, ruwan masu kura muke saye. Ban taɓa sanin ɗan fili kamar wannan yana da maƙogwaro haka ba. Na ajiye bokiti a inda muke alwala don kada ɗigo ya tafi a banza. Ruwan wankin shinkafa, ruwan ɗaurayar kwanuka, ragowar ruwan wankan jariri in ba sabulu, duk bayan madafa suke nufa. Na rage wa kaina ruwan wanka. Ni da nake wa mata dariya in sun ce suna tashi da asuba don shuka, sai ga ni ina ɗingishi da bokiti tun gari bai gama wayewa ba, ina ba latas ruwa ina zaginsa a zuci.

Maigidana bai taɓa tambayata ba. Shi ma ɗiyar fari ce a wurinsa, kunyar da ta ɗaure ni ta ɗaure shi, ga kuma uwa. Amma wata rana ya dawo daga kasuwa da sabuwar zana a bayan babur, ya jingine ta a bayan madafa ya shige ɗaki. Wani makon ya ajiye ƙullin irin alayyahu a kan kekena, ya ce wai wani ne ya ba shi bai san abin da zai yi da shi ba. Na ce to. Iyakar hirar da muka taɓa yi a kan maganar ke nan, kuma har yau ina jin haushinsa kaɗan, domin shi namiji ne, ɗanta ne, da ya buɗe baki da ban sha wannan wahala ba.

Zafin bazara ne ya karya ni. Latas ya narke, albasa ta kwanta, tumatir ya ƙone a tsaye. Abin da ya rage layi ɗaya ne na alayyahu a jikin katanga inda inuwa take faɗawa da rana. Na yi masa rumfa da tsohon buhu. Ina duba shi fiye da yadda nake duba tukunya a wuta. Lissafina shi ne in ya kai ni ruwan farko, na sake shuka kuɓewa, shekara ta zagayo, Inna kuma ba ta da ta cewa.

Wata rana bayan azahar zafi ya kwantar da ni tare da jaririn, barci ya sace ni. Sallamar maƙwabciyata ce ta tashe ni, wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli.

"Mun ga saƙo, Allah shi ƙara arziki. Yanzu na gyara shi zan yi kwaɗo."

"Wane saƙo, Hajiya?"

"Alayyahun da kinka aiko ɗiyarki da shi. Har gidan mai unguwa na ga ta shiga da tire."

Ban tsaya neman takalmi ba. A bayan madafa buhun yana nan a kan sandunansa, yana yi wa ƙasa inuwa. Babu ko tsinke. Ba yanka ta yi ba balle ya sake toho, tugewa ta yi har saiwa. Ina tsaye sai ga ta ta shigo da tirena a ka, ƙafafu butu-butu, fuska sai walƙiya take yi.

"Ke yarinyar nan, ina alayyahun?"

"Na fidda zakka."

"Kin fidda mi?"

"Zakka. Malamar islamiyya ta ce duk mai gona sai ya fidda, in ba haka ba Allah ba ya sa albarka."

"Duka ake fiddawa? Duka? Kin taɓa ganin ubanki ya kwashe hatsinshi kaf ya rabar?"

Ta ɗan yi tunani. "Gidajen ne da yawa."

Na ɗaga hannu, na sauke. Ta yaya mutum zai doki yaro don ya fitar da zakka? Da wane baki zan ba da labari? Na yi ta faɗa dai, faɗan da ni kaina ban san kansa ba, har jaririn ya farka ya kama kuka. Ta tsaya tana kallona har na gaji, sannan ta ce a hankali, "Ai tawa ce." Na shiga madafa na rufe ƙofa na yi kukana a gaban murhu.

A makon nan kuma aka aiko cewa Inna tana tafe, za ta zo barkar haihuwa a dangi ta biyo ta wurinmu. Ko yau na shuka iri ba zai fito ya yi abin nunawa ba. Sai na sa hijabi na tafi wajen mai kayan miya na bakin titinmu, na ce ya zaɓo mini alayyahu mai saiwa, wanda aka tugo daga lambun bakin dam ba wanda aka yanka ba. Ya dube ni ya ce mutane saiwar suke cewa a cire musu. Na ce ni da ita nake so. Yarinyar tana islamiyya na dasa shi a layi, na danne gindin, na kwarara masa ruwa. Kafin la'asar ya sunkuyar da kai. Washegari na sayo wani na canza. Da yarinyar ta tambaye ni, na ce albarkar zakka ce ta sa ya sake fitowa. Ta tsuguna ta daɗe tana kallonsa, ni kuma na ɗauka na ci nasara.

Da hantsi Inna ta iso. Na shimfiɗa mata tabarma a rumfa, na kawo ruwa da fura, na durƙusa muka gaisa. Ta tambayi jariri, ta tambayi ɗinki. Sannan ta juya wajen jikarta.

"Takwara, mu je in ga gayamna."

Na bi su a baya. Alayyahun na safiyar nan ne, yana tsaye kore shar, har na ji ɗan sanyi a raina. Inna ta dube shi ta gyaɗa kai.

"Ashe da saura."

"Wannan ba nawa ba ne," in ji yarinyar. "Nawa ya ƙare, na fidda zakka. Wannan na Umma ne, wajen mai kayan miya take sayowa. Shi ya ce mani in gaida ummata mai sayen saiwa. Kullum sai ta canza wani."

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da ranar ta tsage. Inna ba ta dube ni ba. Ta sunkuya ta kama guda ɗaya da yatsu biyu, ya biyo hannunta ba gardama. Ta mayar da shi ramin, ta danna ƙasar da babban yatsa, ta koma rumfa ta zauna.

"To, gayamna ta ƙare ke nan," ta ce. "A haɗo mata kayanta. In na dawo daga barka mu wuce."

Yarinyar ta daka tsalle. Ita murna take yi. A wurinta Birchi awaki ne da nono da kakar da ba ta faɗa. Ta ruga tana neman takalminta, ko waiwayata ba ta yi ba.

Na shiga ɗaki na buɗe akwati. Duk rigunan ni na ɗinka su, da ragowar yadin mutane, ina ɗinkawa ina mita. Na ninke ɗaya, na ninke ta biyu, ta uku ta ƙi ninkuwa. Na daɗe a tsaye. Sannan na fito hannu wofi, na durƙusa a bakin tabarma. Maigidana ya shigo a lokacin, ya tsaya daga zaure.

"Inna, ki yi mani aikin gafara. Ba ni iyawa."

"Ba ki iya mi?"

Ta san abin da nake nufi sarai. So take in faɗa da bakina, ko kuwa so take in kasa, har yau ban sani ba. Na sunkuyar da kai na faɗa.

"Ba ni son ta tahi. Ina son ɗiyata wurina."

Ban taɓa jin wata mace a danginmu ta faɗi haka a kan ɗan fari ba, balle a gaban suruka. Na ji maigidana ya ja da baya ya koma cikin zaure. Inna ta daɗe tana kallon kwanon furar da ke gabanta.

"Yau na ga zamani," ta ce. "Wata nawa kina ɗaukar ruwa, ashe bakinki na nan lafiya lau." Ta ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Mu da anka ɗauke namu, ɗaki muka shiga. Ba mu san ana faɗi ba."

Ta shanye furarta, ta tafi barka, ta dawo bayan azahar ta ɗauki jakarta. Yarinyar tana bakin zaure da takalmi a ƙafa da 'yartsana a hannu. Inna ta dafa kanta.

"Koma ciki, takwara. Uwarki ba ta da kunya, zamna ki koya mata."

Da yarinyar ta gane ba da ita za a tafi ba, ta faɗi ƙasa ta yi ta birgima. Na ɗauke ta tana dukan ƙirjina tana cewa ba ta so na, ita Inna take so, ni muguwa ce mai ƙaryar alayyahu. Na riƙe ta gam a gaban duk wanda yake wucewa, ban damu da wanda ya gani ba. Wata tara ina wahala a kan mutumiyar nan, ga ladan da na samu. Ta kan kafaɗarta nake hango Inna tana tafiya a bayan ɗanta, 'yar ƙarama, jaka a hannu ta hana shi ya karɓa, ba ta waiwayo ba har suka sha kwana.

Na ɗauka daɗi zan ji. Da maigidana ya dawo daga tasha na kawo masa abinci, ya zauna bai buɗe kwanon ba. Ya ce direban motar Kurfi ya san Inna, shi ya kawo ta da safe, kuma tun a hanya ta ce masa ya ajiye mata wurin mutum biyu a komawa, ɗaya a jikin taga, don yarinya ta riƙa kallon hanya. Da suka isa tasha shi da Inna, direban ya tambaya ina ta biyun. Inna ta ce ta fasa. Ya ce to bari ya sa wani fasinja, ta ce a'a, a bar wurin.

"Jakarta ta ɗora a kai," in ji shi.

Yarinyar ta yi barci a cinyata da hawaye a busasshe a kumatu, takalmin yana ƙafarta. Na cire mata shi a hankali. Abincin nan daga ni har shi babu wanda ya ci, da safe na ɗumama mana.